Lambar yabon da ba ta cikin takardar sallama

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya a 1990, kuma lambar yabonsa tana nan cikin akwatinsa na ƙarfe, amma ba a rubuta ta a takardar sallamarsa ba. Yaya ake gyarawa?

Tsohon Saje: Wa alaikumus salam. Baba ya rubuta takardar koke da kansa, ya sa lambarsa ta soja da bataliyarsa, sannan ya haɗa da kwafin shaidar bayar da lambar yabon, domin ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa da ke Lakwaja da abin da ke cikin fayil yake aiki, ba da ƙarfen da ke hannunku ba.

Hajiyar Samaru: Ɗana, ku fara tuntuɓar ƙungiyar tsofaffin sojoji, kuma kada ku saki takardar asali ga kowa.