Wane irin rubutu zan sa a allon shago?

Mai shadda: Salam 'yan uwa, zan yi sabon allo a shagona na Kantin Kwari, ina son rubutun nan mai kauri mai ƙafafu irin na kan jarida, wanne ya fi?

Ɗan firinta: Alhaji ka ce a sa maka Clarendon, tun 1845 aka fitar da shi a Landan amma har yau da kwarjininsa, daga tsallaken titi ma ana karantawa. Sai dai sunan shago kawai fa, in an ƙanƙanta shi cushewa yake.

Mai zanen allo: Haka ne, amma a duba ƙ da ɗ tukuna, ni na taɓa bugawa ƙ ɗin ta fito akwati, wallahi sai da na sake allon gaba ɗaya.