Wariya, tsangwama ko nuna bambanci?

Malamai masu aikin fassara, kalmar Turanci "discrimination" tana yawan fitowa a labaran siyasar Amurka, musamman inda jam'iyyun Democrat da Republican ke ja-in-ja kan haƙƙin masu neman jinsi ɗaya, kuma na lura muna sauya mata kalmomi uku kamar ma'anarsu ɗaya ce.

A ganina "wariya" ta yi nauyi a nan. Kunnen Bahaushe ya saba jin ta tare da launin fata, da Afirka ta Kudu kafin 1994, inda hukuma ta raba unguwanni da makarantu da asibitoci. "Tsangwama" kuwa halin jama'a ce, kyara da hantara a unguwa ko a kasuwa.

Ku dubi abin da kotu ke aunawa. A shari'ar Bostock ta 2020, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, cewa korar ma'aikaci saboda yana neman jinsinsa ta saɓa wa dokar 'yancin jama'a ta 1964. Ba a keɓe wa kowa unguwa ba. Misalin da kotun ta bayar shi ne ma'aikata biyu da aikinsu ɗaya, aka bar ɗaya aka sallami ɗaya. Wannan shi ne "nuna bambanci", kuma ita nake ba da shawara mu tsayar.

Dalili na biyu ya fi damuna. Jam'iyyun ba su yarda da juna kan me ya cancanci wannan suna ba. Democrat ta saka goyon bayan auren jinsi cikin kundin manufofinta a 2012, ta kuma zartar da ƙudirin daidaito, wanda zai faɗaɗa kariyar doka ga masu neman jinsi ɗaya, a Majalisar Wakilai a 2019 da 2021, sai dai ya maƙale a Majalisar Dattawa. 'Yan Republican da yawa sun ce ƙudirin zai tauye 'yancin addini, suna kafa hujja da mai gasa kek ɗin nan na jihar Kolorado da ya ƙi yin kek na bikin maza biyu, wanda kotu ta ba gaskiya a 2018, ko da yake sanatocinsu 12 sun goyi bayan dokar kare auren jinsi a 2022.

Idan muka rubuta "wariya" a irin wannan labari, mun yanke hukunci kafin mai sauraro ya ji ɓangarorin biyu, kuma wannan ba aikin mai fassara ba ne. Mu ajiye ta domin inda aka raba mutane da gaske, mu yi amfani da "nuna bambanci" a nan, da kuma a sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya haramta fifita wani ɗan ƙasa a kan wani saboda ƙabila ko addini ko jinsi.