Me ya sa Tobit da Sirak ba sa cikin Baibul ɗinmu na Lutheran?

Maman Biyu, Numan:
Salama a gare ku. Makon jiya na je jana'izar maƙwabciyata, 'yar Katolika. Aka karanta wani wuri mai cewa rayukan adalai suna hannun Allah, har na yi hawaye. Da na koma gida na bincike Littafi Mai Tsarki nawa kaf, ban same shi ba. Ashe daga Hikimar Sulemanu ne, sura 3. Ni a LCCN, cocinmu na Lutheran a Najeriya, aka haife ni, ban taɓa jin an karanta shi ba. Martin Luther ne ya cire? Laifi ne in karanta?

Tsohon Katikis:
'Yata, kwantar da hankalinki, Luther bai cire ba. A Baibul ɗinsa na Jamusanci na 1534 ya tattara su ya sa tsakanin Tsohon Alkawari da Sabo, ya kira su Afokirifa: Judit, Hikima, Tobit, Sirak, Baruk, Makabi na ɗaya da na biyu, da ƙarin Esta da Daniyel. Ya rubuta a kansu cewa ba daidai suke da Nassi ba, amma suna da amfani, karanta su kuma abu ne mai kyau. Dalilinsa, ba sa cikin littattafan Ibrananci na Yahudawa, abin da Jerom, wanda ya fassara Baibul zuwa Latin, ya faɗa tun da daɗewa.

Ɓacewarsu daga baya ce. A 1826 ƙungiyar Baibul ta Birtaniya ta daina sa kuɗinta a buga su. To, Dakta Bronnum, mishan da ya kafa cocinmu, bai iso Numan ba sai 1913, cikakken Baibul na Hausa kuma sai 1932. Kin ga mun gaji bugun da babu su. Abin yana yi mini ciwo, domin Sirak cike yake da gargaɗi kan riƙon harshe da girmama iyaye, irin wanda yaranmu ke bukata.

Ɗan Kwaya:
Baba, da girmamawa, a dai yi hattara. Makabi na biyu sura 12 ne Eck, malamin Katolika, ya kawo wa Luther a muhawarar Laifzig ta 1519 don kare addu'a ga matattu, Luther ya ce littafin ba ya kafa koyarwa.

Tsohon Katikis:
Gaskiyarka, ɗana, ba a gina koyarwa a kansu. Amma kai da kake kwaya, waƙar godiyar nan ta Martin Rinkart, faston Lutheran na Jamus, daga Sirak 50 ya ɗauko ta.

Maman Biyu, Numan:
Na gode, Baba. Zan ari na 'yar marigayiyar in fara da Hikima 3.