Wasan da ya ƙi kiran suna: tsoro ne ko hankali?

Ɗalibi, Marwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka leƙa filin makarantar nan ta Domayo daren Asabar sun ga wasan da yaran unguwa suka yi kan rikicin Logon-Birni na nan arewacin Kamaru. Ga waɗanda ba su je ba: ƙauyuka biyu ne, na masunta da na makiyaya, an laƙaba musu Tudu da Kwari. Masunta suka haƙa rami don tare ruwa da kifi, saniya ta faɗa ciki, daga nan wuta ta tashi. Ni maganata ɗaya ce. Wasan da zai taɓo kisa amma ya kasa faɗin wanda ya kashe da wanda aka kashe, ba kare haƙƙin kowa yake yi ba, tsoro ne kawai. Babu wanda ya zauna a filin nan bai san Musgum da Larabawan Shuwa ake nufi ba. To ɓoyon na mene ne?

Mai Shayi, Domayo: Wa alaikumus salam. Kai ɗan boko, kullum sai ka samo abin kushe. Ni dai na ga wasa, kuma ya yi. Yara biyu suka shiga buhu suka zama saniya, wutsiyar ma igiyar guga ce, da ta rufta ramin nan Alhajin da ke gefena har da share hawayen dariya. Can sai aka cinna wa zana wuta, wata yarinya ta fito da tukunya a ka da goyon tsumma tana neman bakin kogi, kogin kuwa shuɗin zane ne aka shimfiɗa a ƙasa. Fili ya yi tsit, janareto kaɗai kake ji. Me kuma kake nema?

Ɗalibi: Kawu, ban ce ba su iya ba. Cewa na yi sun yi rabin magana.

Baban Yara, Kusuri: Ɗana, kana Marwa ne shi ya sa maganar ta yi maka sauƙi a baki. Mu a Disambar 2021 muna nan. Abin ya faro ranar 5 ga wata a ƙauyen Ulumsa, kwana uku kacal ya shigo cikin Kusuri, aka wargaza karar shanu. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, HCR, ta ƙirga ƙauyuka sama da 100 da aka ƙone. Dubun dubatar mutane suka tsallaka Cadi, wasu ta gadar Ngeli, wasu a kwalekwale, akasari mata da yara, har aka kafa musu sansani a Kalambari da Gilme. Yau ɗin nan mai kifi da mai nono a layi ɗaya suke kasa kaya a kasuwa. Ka hau dandali ka ce ƙabila kaza ce ta fara kunna ashana, ka naɗe tabarmarka ka koma jami'a. Wa zai kwana a garin, kai ko mu?

Ɗalibi: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma ai a Agustan 2021 ɗin an yi irinsa, manya suka zauna aka ce an sasanta, kowa ya kama bakinsa. Wata huɗu bai cika ba ya dawo, ya kuma fi na farko muni. Shirun nan me ya tsare?

Hajiya, Njamena: Ku bari in sa baki, don mu a Cadi mun daɗe da wannan gardama. Hissene Habre ya mulke mu daga 1982 zuwa 1990. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutum dubu 40 da aka kashe. Ya tsere Dakar ya yi zamansa lafiya lau fiye da shekara 20. Me ya kai shi gaban alƙali? Suna. Su Souleymane Guengueng da Clement Abaifouta da lauya Jacqueline Moudeina ba kuka kawai suka yi ba, bi suka yi gida gida suna rubuta wa aka ɗauka, ran yaushe, aka kai shi wane kurkuku. A 2001 aka tsinci takardun 'yan sandan asirinsa na DDS a zube a tsohuwar hedkwatarsu, ciki da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunsu. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Don haka, ɗana, a nan ina bayanka. Sai dai ka lura da irin sunan. Habre aka kira, aka kira shugabannin DDS ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya gurfanar da ƙabilarsa. In yaran Domayo sun san wanda ya raba makami a Logon-Birni, su kai sunansa kotu. Ƙabila kuwa ba a ɗora ta a dandali a ce ga mai laifi, don jaririn da aka haifa jiya ma yana cikinta.

Mai Shayi: Allah ya yi miki albarka, Hajiya. An gama ke nan.

Ɗalibi: Ba a gama ba, Kawu. Hajiya ta yi maganar sunan mai kisa, ni kuma ina maganar sunan wanda aka kashe. A Ruwanda cikin 1994, an kashe kusan mutum dubu 800 a kwana 100, a shingen hanya katin shaida ake dubawa, in an rubuta Tutsi shi ke nan. A Jinaina ta Darfur cikin 2023, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe mutum dubu 10 zuwa 15, mafi yawa 'yan ƙabilar Masalit, waɗanda suka tsira suka tako da ƙafa zuwa Adre, ƙasarku ce Hajiya. Ko Habre ɗin ma ai ya bi ƙabilar Hajarai a 1987, ya bi ta Zaghawa a 1989. In ka cire sunan daga irin wannan labari ka sa Tudu da Kwari, ka mai da kisan ƙare dangi faɗan maƙwabta, wato kowa da nasa laifin. Abin da masu musun kisan ke so a ce ke nan.

Hajiya: Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba zan ja da kai ba. Amma Logon-Birni ba Jinaina ba ce, kada ka haɗa su a kwano ɗaya. A can runduna ce da motoci ta bi mutane gida gida. A nan ɓangarorin biyu duk sun binne nasu, duk sun yi gudun hijira.

Mai Shirya Wasan, Marwa: Salamu alaikum iyayena. An turo mini abin da ake ta yi, bari in amsa da bakina. Cikin yaran da kuka gani akwai 'ya'yan Musgum, akwai na Shuwa, akwai Hausawa da Fulani da Giziga. Yarinyar da ta ɗauki tukunya, mahaifiyarta ce ta koya mata yadda ake ɗaure ta da zane don hannu ya samu damar riƙe yaro, saboda ita haka ta yi a lokacin. Sharaɗin da ta kafa mini kafin ta bar 'yarta ta shiga shi ne kada a ambaci ƙabilar kowa. Ni ban ga yadda zan tsallake maganar wadda abin ya faru a kanta in bi ta wanda ya karanta a jarida ba, ka yi haƙuri ƙanena. Sannan dabarar ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Ruwandan da kake kafa hujja da ita, wasan rediyon Musekeweya da aka fara a 2004, ƙauyuka biyu na ƙage ya yi amfani da su, Bumanzi da Muhumuro, suna rigima kan ƙasar noma, ba ya cewa Hutu ba ya cewa Tutsi, kuma kowa ya gane. Mai sauraro in bai ji an kira sunan gidansu ba, yakan tsaya ya ji har ƙarshe, wani lokacin ma ya tsinci kansa yana tausayin ɗaya ɓangaren.

Ɗalibi: Yaya, a Ruwandan kuma akwai kotunan gargajiya na gacaca da suka yi ta zama a bainar jama'a har 2012, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wasan ya samu damar sakaya zance ne don kotu ta riga ta fito da shi fili. Mu ina tamu?

Mai Shirya Wasan: To ka ga ashe ba da ni kake faɗa ba. Ni tabarma shida gare ni da fitila biyu.

Malama, Mokolo: Tun ɗazu nake karantawa, kowa na magana a madadin 'yan gudun hijira. Sansanin Minawao na nan kusa da mu, tun 2013 aka buɗe shi, mutanen Gwoza da Bama da Banki ne cike, yaran da aka haifa a ciki yanzu sun isa shiga sakandare. Na taɓa zama na kalli wasan da matasan wurin suka shirya da kansu, ba baƙo ya rubuta musu ba. Babu bindiga ko ɗaya a ciki. Layin karɓar abinci suka kwaikwaya: wata tsohuwa ta ɓatar da katinta, mai rabo yana ta juya takarda yana cewa sunanta bai fito ba, wani a baya yana auna rabon wata da gwangwani yana lissafin ranar da zai ƙare. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki, don kowa ya taɓa tsayawa a layin. Daren da aka kore su daga gida sun san shi, ba sa bukatar a nuna musu. Mu na waje ne muke son ganin wuta da jini, masu ba da kuɗin ma haka, don shi ke kyau a hoto.

Mai Shirya Wasan: Goggo, ba ƙungiyar da ta ba mu ko dala, man janareto ma karo-karo aka yi. Amma maganarki ta shige ni. Shi ya sa a zagaye na biyu muke tsayar da wasan daidai inda saniya ta faɗa rami, mu ce duk mai ganin akwai wata mafita ya taso ya karɓi wurin ɗan wasa. Tsarin Augusto Boal ne na Brazil, irin wanda malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa kaiwa ƙauyukan Zariya, aka kuma gwada a Kumba ta Kamaru a 1984. Ranar Asabar wani dattijo ya taso ya ce a kira jauro a biya kuɗin saniya. Sai yaron da ke makiyayi ya ce masa, jauron na wane ɓangare? Dattijon ya tsaya ya rasa ta cewa, fili ya ɗauki surutu, har muka kashe fitila ba su daina musu ba.

Baban Yara: Wannan tambayar ta yaron ita ce ainihin ciwon, duk mu nan mun sani. Amma kada ku kawo shi Kusuri yanzu. Ko da Tudu da Kwarin ne.

Malama: In za a kai, a fara nuna wa matan da suka dawo daga Kalambari su kaɗai, cikin gida, su ce a cire kaza a bar kaza.

Baban Yara: Malama, na ce a'a. Ruwa ya fara ja baya, lokacin da shanu ke gangarowa ke nan. A bari sai bayan damina mai zuwa a sake magana.

Ɗalibi: To ni zan rubuta na Jinaina, kuma Masalit zan ce, ba Kwari ba. Yaya, za ka ara mini yaranka?

Mai Shirya Wasan: Kawo in karanta tukuna. Kuma ka nemo wanda ya tako hanyar Adre da ƙafarsa ya karanta kafin ni. Hajiya, ko akwai wanda kika sani a nan Njamena?

Hajiya: Akwai, suna da yawa. Zan tambaya, amma in sun ce ba sa so, kada wanda ya sake kira na a kai.