Rufe East Side aka yi ko haɗe ta?

Baban Iman: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A garin Cleveland na jihar Misisipi a Amurka, tun 1965 iyaye baƙar fata suka kai ƙara kan wariya a makarantu. Sai a 2016 alƙaliya Debra Brown ta ce a haɗe sakandaren East Side, wadda kusan duk ɗalibanta baƙaƙe ne, da Cleveland High da ke yamma da layin dogo. A 2017 aka rufe East Side, 'yan'uwanmu ne suka riƙa tsallaka layin dogon, sunan makarantarsu ya bi ruwa. Shekara 51 a kotu, wannan ce nasarar?

Malam Sabo: Baban Iman, gyara zancenka. Ba a rufe ba. Ginin yana nan, ƙaramar sakandare aka mayar da shi. Ita ma Cleveland High ai ta rasa sunanta, Cleveland Central ake kira yanzu.

Baban Iman: Malam, in an cire allon shagonka an kafa na wani, shagonka a buɗe yake?

Malam Sabo: In dai ana ciniki, a buɗe yake. Rufewa ita ce wadda gwamna Faubus na jihar Arkansas ya yi a garin Little Rock a 1958, ya garƙame sakandare huɗu shekara guda cur don kada baƙi da fari su zauna aji ɗaya. Ko gundumar Prince Edward a jihar Bajiniya, da ta rufe makarantun gwamnati daga 1959 zuwa 1964. Wannan ne rufewa.

Maman Hanif: Ni kalmar "'yan'uwanmu" ce ta tsaya mini a rai. Yaya, su sun san da zamanka?

Ɗan Fage: Ƙanin abokina yana tuƙin tasi a Cleveland, ya ce shi bai ji an rufe komai ba.

Malam Sabo: Ta jihar Ohayo yake. Garuruwa biyu ne, ɗan'uwa.

Ɗan Fage: To Farfesa. Kullum sai ka nuna mana ka yi boko.

Baban Iman: Maman Hanif, fata ɗaya ce, zafi ɗaya.

Maman Hanif: Fata ɗaya? Kai da ko gudummawar bikin ƙanwata ba ka turo ba?

Ɗan Fage: Hajiya, a bar tone-tone, har yara na cikin zauren nan.

Alhaji Mudi, mai kula da zaure: Ya isa haka. A taƙaice, Malam Sabo, wanda ba yau na san iliminsa ba, ya tabbatar da cewa ba a rufe komai ba. Baban Iman bai kawo hujja ba sai misalin shago. Batun gudummawa kuwa, ni ma ina bin sa ta watan jiya. Na kulle zaure sai bayan Isha'i.

Baban Iman: Alhaji, kullewa ka yi ko haɗewa?