Injin Habu: sata ce ko koyi?

Habu Walda: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake. Na je kasuwar Gujungu ran Lahadi sayen ƙarfe, ina shiga layin masu injina sai ga injin ɓarar gyaɗata har guda huɗu a jere, an shafe su da koren fenti. Ba ni na ƙera su ba, amma komai nawa ne: gangar, robar tsohuwar tayar da na ɗaura maimakon haƙoran ƙarfe, har notikan nan biyu da ake murɗawa a ƙara ko a rage tazarar raga. Damina biyu ina fama, na farfasa gyaɗar Baba ta kusa buhu uku kafin na gano tazarar da ba ta fasa ƙwaya. Shi kuwa wannan bawan Allah yaro ya aiko ya sayi ɗaya a hannuna, ya kwance, ya sa tef ya auna, shi ke nan. Yanzu yana sayarwa ƙasa da nawa da dubu ashirin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni dai na ce sata ce, ba ta da wani suna.

Malam Sabo: Wa'alaikumussalam. Sannu Habu, abin da ciwo. Amma kafin mu kira mutum ɓarawo a gaban jama'a, me ya ɗauke maka? Injin da ya saya ya biya ka. Ƙarfen nasa ne, wutar waldar tasa ce. Kuma in ba ka manta ba, injin markaɗen da ka fara ƙerawa a garin nan na China ka kwance a gabana. Wanzami ba ya son jarfa.

Habu Walda: Malam, na China ai kamfani ne, ba su ma san ina duniya ba. Wannan kuwa kasuwarmu ɗaya, masu sayenmu ɗaya.

Hauwa: Yaya Habu ka yi fatent ɗin injin?

Nura Gem: Fate kuma? Na wake ko na tsaki?

Hauwa: Nura ka bari mana. Fatent takarda ce da gwamnati ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu. Idan ka samu, ba wanda zai ƙera irinsa ko ya sayar sai da izininka, har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardun, kuma duk shekara akwai kuɗin da za ka biya don kada ta mutu. A Najeriya dokar 1970 ce ke kula da wannan, ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci. Akwai kuma hukumar NOTAP da ke taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu.

Yaya ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, wato bai taɓa fita ga jama'a ba a ko'ina a duniya kafin ranar shigar da takardun, ko ta rubutu, ko ta baki, ko ta amfani da shi. Kai kuwa tun bara kake sayarwa. Ko yau ka tafi Abuja, ihu ne bayan hari. A idon doka mutumin nan bai yi maka laifin komai ba.

Habu Walda: To ke nan dokar ta masu karatu ce. Ni da ko Abujar ban taɓa zuwa ba.

Hauwa: Akwai ma abin da ya fi wannan. Dokarmu wanda ya riga shigar da takarda take ba wa, ko shi ya ƙirƙira ko ba shi ba. Magatakardan ba ya binciken ko abin sabo ne, cikar takardu kawai yake dubawa. In rigima ta tashi sai Babbar Kotun Tarayya ta warware, ka ga sai da lauya ke nan.

Malam Sabo: To kun ji. Ni tun asali wannan tsarin bai kwanta mini ba. Ɗigon folio da ake bi gida-gida ana yi wa yaranmu, waɗanda suka gano rigakafin, Jonas Salk mai na allura da Albert Sabin mai na ɗigon, ba su yi masa fatent ba. An tambayi Salk a 1955 ko na wa ne, ya ce na jama'a ne, ya kuma tambaya ko ana iya yi wa ranar da ke sama rajista. Ku dubi maganin rage kaifin ƙanjamau. Kamfanonin da ke riƙe da takardun suna sayar da na shekara guda sama da dala 10,000, sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350, saboda dokar Indiya ta lokacin ba ta hana kwaikwayon magani ba. Mutum nawa wannan kwaikwayon ya ceta a Afirka? Da Habu ne alƙali da ya ce sata suka yi.

Habu Walda: Malam kada ka haɗa ni da masu dala. Ni buhun gyaɗa uku nake kuka a kai.

Alaramma Ado: Malam Sabo, Allah ya ƙara sani, amma na ga kamar ka ɗauki gefe ɗaya ka bar ɗayan. Mu dubi garin nan. Mahaifin Tsoho Wanzam yana da maganin ɗaurin karaya da ake zuwa nema daga nesa, bai koya wa kowa ba don tsoron kada a ƙwace masa abinci, ya rasu da abinsa. Masu jima da masu rini nawa suka tafi haka? Idan mutum ya tabbata duk abin da ya fito da shi gobe za a kwashe, ɓoyewa zai yi. In na fahimci bayanin Hauwa, wannan takarda ciniki ce: ka bayyana sirrin a rubuce kowa ya karanta, mu kuma mu tsare maka kasuwa na wani lokaci, bayan nan ya zama na kowa. Ko ba haka ba ne 'yata?

Hauwa: Haka ne Allah gafarta Malam. Dole bayanin ya fito sarai yadda wani mai sana'ar zai iya karantawa ya ƙera.

Malam Sabo: Alaramma, ina hadisin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta?

Alaramma Ado: Yana nan, Abu Dawud da Tirmizi sun kawo shi. Amma wa ya tambayi Habu ya hana? Da mutumin ya zo ya yi sallama ya ce ɗan'uwa koya mini, da wata magana ake. Yaro ya turo a ɓoye, alamar shi kansa ya san akwai abin kunya a ciki. Kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Ban ce a yanke masa hannu ba, don ba satar haddi ba ce. Cin haƙƙi dai na ce.

Nura Gem: Ku bari ɗan gem ma ya sa baki. Duk wanda ya buga PlayStation 2 a shagona ya san zaman jiran lodin, janareta na shan mai, yaro ya biya kuɗin wasa yana kallon baƙin allo. Kamfanin Namco na Japan ne ya yi fatent a 1995 a kan dabarar sa ɗan ƙaramin wasa a buga kafin babban ya gama lodi. Dabara ce da kowa zai iya tunaninta, amma sauran kamfanoni suka ja baya har takardar ta mutu a 2015. Kafin nan na'urori sun fara sauri, abin ya kusa zama tarihi. Shekara 20 a harkar gem ai tsara guda ce. A 2024 ma kamfanin Nintendo ya kai masu gem ɗin Palworld kotu a Tokyo kan fatent. Ni ina bayan Malam Sabo.

Habu Walda: Dole ka bi bayansa. Gem ɗin da ke shagonka akwai ko ɗaya da ka saya na asali? Ba a Kano ake loda maka su ba?

Nura Gem: Yaya Habu ka taɓa ganin wanda ya sayi na asali daga nan har Ringim? Kai ma finafinan da ke wayarka wajena ka tura, naira ɗari biyar na cika maka memori.

Hauwa: Kuna haɗa abubuwa daban-daban. Fim da waƙa da gem haƙƙin mallaka ne, dokarsa daban, sabuwar aka sa wa hannu a 2023, kuma shi ba sai ka yi rajista ba. Abin da Nura ke yi shi ne ya saɓa doka kai tsaye, na mai koren fenti bai saɓa ba.

Nura Gem: Shi ke nan an bar jaki ana dukan taiki.

Baffa Ɗanladi: Jama'a maganar ta yi tsawo. Tunda dimokuraɗiyya muke, a kaɗa ƙuri'a. Wanda ya ce sata ce ya rubuta 1, wanda ya ce koyi ne ya rubuta 2. Abin da rinjaye ya ce shi ne matsayar zaure, in ta kama mu tura wa shugaban 'yan walda na kasuwar.

Habu Walda: Baffa ban yarda ba. Mu nawa ne masu ƙira a zauren nan? Ni da Sale. Sauran duk masu saye ne, kowa araha yake so. Ka tara awaki ka ce su zaɓi ko a rufe rumbu ko a bar shi a buɗe.

Baffa Ɗanladi: Ɗana, ai haka ake yi ko'ina, mai rinjaye ke tafiya da gari.

Malam Sabo: A nan kam ina tare da Habu. Yawan hannu ba ya mayar da haƙƙin mutum ɗaya halal. Amma Baffa tunda ka taɓo dimokuraɗiyya, dokar da Hauwa ta karanto mana soja ne suka yi ta, zamanin Gowon, ba wanda ya zaɓe ta. Tun 1999 muke tura 'yan majalisa Abuja, kuma har yau da ita ake aiki. A cikin duk waɗanda suka zo ƙofar Maigari neman ƙuri'a, wa ya taɓa jin an tambaye su yadda mai walda a ƙauye zai kare dabararsa ba tare da ya sayar da gonarsa ya ɗauki lauya ba? Taliya da atamfa muke tambaya.

Nura Gem: Baffa ko a zauren ma sai ka raba data kafin mu yi zaɓen.

Baffa Ɗanladi: Nura, kai da ka karɓi tawa ka zaɓi wani lokacin takarar kansila, ka yi shiru kawai.

Anti Ladidi: Sallama. Ina ta karantawa ina tuyar ƙuli, ban samu hannu ba sai yanzu. Habu ƙanena, kada ka ji haushi, ɗaya daga cikin koren nan yana gidana. Mu shida muka yi adashi muka saya. Na zo wajenka tun kafin kaka ka ce in jira wata biyu, aiki ya yi maka yawa, kuma ba ka rage ko sisi. Gyaɗa ba ta jira. Da hannu muke ɓara har fatar yatsa ta tsage, kwano goma sai mu kai dare. Yanzu kafin azahar mun gama buhu. Zan so in ce maka nasa bai kai naka ba, amma wallahi yana aiki lafiya lau.

Habu Walda: Anti har da ke.

Anti Ladidi: Har da ni. Kai kaɗai ba za ka iya ƙera wa duk matan Taura da Ringim ba. Amma na yarda da Alaramma, ya kamata ya zo ya gaishe ka, ko dubu biyu ce a kan kowane inji ya riƙa ajiye maka.

Malam Sabo: Ladidi ta tuna mini da Mohammed Bah Abba, malamin nan da ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan na tsotsewa, cikin na sanyi, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Dabarar sanyin randa kakanninmu sun san ta, shi ya gyara ta ya bi ƙauyukan Jigawa yana rabawa, har ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000 a 2000. Yawan masu kwaikwayonsa ne ya sa duniya ta san shi.

Habu Walda: Malam, shi albashi yake ɗauka a lokacin. Ni in ban sayar ba ba a ɗora tukunya a gidana.

Malam Sabo: Wannan kuma gaskiya ne.

Baffa Ɗanladi: Zuwa yanzu 1 mutum bakwai, 2 mutum tara, Sale ya rubuta 3 ban san me yake nufi ba. Alaramma, in za ka samu lokaci ran Lahadi mu je da kai da Habu mu sami mutumin, a yi maganar da Ladidi ta kawo.

Alaramma Ado: In sha Allahu, bayan azahar.

Habu Walda: To Allah ya kai mu. Hauwa, tambaya. Akwai fankar da nake haɗawa a ƙarƙashin ragar, mai hure ɓawo tun kafin gyaɗar ta faɗo, bel ɗaya ke juya ta da gangar. Ita wannan za ta yi fatent ɗin?

Hauwa: Sai an bincika ko babu irinta a wani wuri, don injinan waje da yawa suna da fanka. Amma ko ma mene ne, kada ka nuna wa kowa, kada ka sayar, kada ka ɗauki hoto. Zan tambayi malaminmu yadda ake bi ta NOTAP.

Habu Walda: Na sa bidiyonta a sitatus shekaranjiya.

Nura Gem: Na gani, har na tura zauren 'yan walda na Gumel. Sun ce a gaishe ka.