Fitilar VSC na kamawa a tsohuwar mota, na'ura kuma ta ce ba kod: daga ina ake farawa?

Sabon Direba

Assalamu alaikum masana. Mota ce ta hannu, Toyota ƙirar 2006 mai giya otomatik, ta ci kilomita dubu 210 da ɗoriya. Idan aka murɗa makulli fitilun gaban direba duk suna kamawa su mutu yadda ya kamata. Amma da an ɗan taɓa tafiya, musamman bayan an sha kwana, sai fitilar VSC (tsarin hana mota zamewa) ta kama, wani lokaci ta ABS (tsarin hana taya kullewa idan an taka birki) ma ta biyo ta. Idan aka kashe injin aka sake tayarwa sai su ɗauke, can kuma su dawo. Fitilar cek, wato mai nuna matsalar injin, ba ta kama ba, birki kuma yana ci lafiya lau.

An jona ƙaramar na'urar OBD ɗin nan ta karanta kwamfutar mota da ake haɗawa da wayar salula, ta ce babu kod, wato lambar da ke nuna matsala, ko ɗaya. Abin da aka taɓa a motar kwanan nan shi ne boris ɗin gaba na hagu da tayarod ɗaya. Wani ya ce famfon ABS ne ya tafi, a canza shi kawai. Haka ne? Kuma akwai haɗari idan aka ci gaba da hawanta a haka?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka taɓa famfon nan tukuna. Shi ne na ƙarshe da ake zargi, domin shi ya fi komai tsada a tsarin, kuma ba shi ya fi yawan lalacewa ba.

Abin da Toyota ke kira VSC, Honda na ce masa VSA, Mercedes da Volkswagen ESP, BMW kuma DSC. Aikin ɗaya ne. Kwamfutar birki tana kwatanta inda ka nufa da sitiyari da inda motar ta nufa a zahiri. Idan suka saɓa, sai ta matse birkin taya guda ta kuma rage ƙarfin injin har motar ta dawo kan layi. Kafin ta iya haka sai ta samu labari daga sensar gudun kowace taya, da sensar kusurwar sitiyari, da sensar da ke auna juyawar jikin mota, da makunnin fitilar birki, da kwamfutar injin. Ɗaya ya yi shiru ko ya faɗi abin da bai dace da na sauran ba, sai ta janye hannunta ta kunna fitila. Don haka fitilar ba ta nuna abin da ya lalace, abin da take cewa kawai shi ne tsarin ya daina aiki.

Ka lura da yadda take kamawa. Idan fitilar mai hoton mota tana santsi tana ƙiftawa a kan laka ko tsakuwa, aiki take yi, ba matsala ba ce. Idan ta tsaya cak, akwai matsala, ko an danna maɓallin kashewa a motocin da ke da shi. Idan VSC da cek suka kama tare, a yawancin Toyota na waɗannan shekarun laifin injin ne: fulogi, kwayil, sensar iskar salansa, har murfin tankin mai da bai rufu da kyau ba. Kwamfutar birki za ta ajiye C1201, wato injin ne ya ce mata ta tsaya. A gyara injin, VSC ta mutu da kanta. Matsalar motarka ba ta nan ba ce tunda cek ba ta kama ba. Kamawar ABS tare da VSC ta fi nuna wajen sensar taya ko ƙarancin wuta.

Na'urarka ba ƙarya ta yi ba, iyakar ganinta ke nan. Yawancin ƙananan nan kwamfutar injin kaɗai suke karantawa, wato kod masu farawa da P. Kai kana buƙatar wadda ke shiga kwamfutar ABS ta fito da masu farawa da C. A karanta, a rubuta a takarda, kada a goge kafin a rubuta.

Kafin nan akwai abubuwa uku da ba sa cin minti goma. A auna batir da mita bayan motar ta huta: volt 12.6 cike yake, 12.2 ya yi rabi. Lokacin tayarwa kada ya faɗi ƙasa da 9.6, idan injin na aiki kuma ya zauna tsakanin 13.5 da 14.7. A duba man birki ko ya sauka ƙasa da layin MIN. Sannan wani ya tsaya a baya ya ga fitilun birki suna kamawa da zarar an taɓa feda, suna mutuwa da zarar an saki.

Batun haɗari: birkinka na yau da kullum yana nan, amma muddin fitilun na kunne ba ka da VSC, idan ta ABS ta kama ba ka da ita ma, taya za ta iya kullewa idan ka taka da ƙarfi. A rage gudu, a bar tazara, musamman cikin ruwa. Idan jar fitilar birki ta kama tare da su, a ajiye motar sai an gano dalili.

Sabon Direba

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. An karanta da babbar na'ura, ta fito da C0205 da C1241. Batir 12.1 a huce, 14.1 idan injin na aiki. Man birki na daidai, fitilun birki ma haka.

Mai Wayarin

Malam, yanzu magana ta fito fili. C1241 ƙarancin wuta ne a kwamfutar birki, batir mai 12.1 kuwa ya isa ya jawo shi lokacin tayarwa. Cajin motarka lafiya yake tunda kana samun 14.1. A cika batir ɗin da caja, a gwada shi da na'urar lodi, a kankare kawunansa da wayar da ke ɗaure a jikin mota. Amma ba shi ke kunna maka fitila a kwana ba. C0205 a Toyota sensar gudun tayar gaba ta hagu ce, daidai inda aka canza boris.

Sai dai kod ɗin da'irar sensar gaba ɗaya yake nufi: ita kanta sensar, da wayarta, da soket, da zoben da take karantawa. Nan ne mutane ke asarar kuɗi, su sayi sabuwar sensa su ɗaura, fitila ta dawo washegari.

Fara da ido. A ɗaga motar a kan jak, a tokare ta, a cire taya, a bi wayar daga sensa har inda ta shige jikin mota. Wayar nan tana lanƙwasa duk lokacin da sitiyari ya juya ko shokozoba ta motsa, shi ya sa aka yi mata maƙalai a hanya. Idan wanda ya yi aikin boris bai mayar da ita cikin maƙalanta ba, ko ya bi da ita ta bayan ƙarfe maimakon ta gaba, za ta riƙa miƙewa idan an karya sitiyari zuwa ƙarshe. Jan ƙarfen da ke ciki ya tsinke alhali robar waje na nan lafiya, sai ya riƙa haɗuwa yana rabuwa. Wannan ya yi daidai da abin da ka bayyana, fitila a kwana, ta ɗauke idan an sake tayarwa. A duba kuma ko taya ko shaf sun goge ta. A cire soket a leƙa: koren tsatsa, ruwa, ko fil da ya koma ciki.

Daga nan a kwance sensar, yawanci noti ɗaya ne mai lamba 10. Idan ta kafe, a fesa mai a juya ta a hankali, kada a buga mata guduma. Dubi bakinta. Garin ƙarfe kan taru a kai kamar gashi, a share da tsumma. Dubi kuma mazauninta, domin tsatsa kan taru a ƙarƙashi ta ɗaga ta sama, tazarar da ke tsakaninta da zobe ta ƙaru, alhali tazarar da ake so ba ta wuce kusan milimita ɗaya ba. Alamar wannan ita ce ABS ta riƙa kakkarwa a feda idan motar ta kusa tsayawa a busasshiyar hanya.

Sensa iri biyu ce, gwajinsu ba ɗaya ba ne, kuma motocin waɗannan shekarun akwai masu wannan akwai masu waccan. Tsohon samfuri naɗin waya ne da maganaɗisu, tana karanta zobe mai haƙora. Ita ana auna ta da mita a kan om (ma'aunin yadda waya ke turje wa wucewar wuta), galibi tsakanin 800 da 2000, amma abin dogaro shi ne a kwatanta da ta ɗaya gefen. A bar mitar a jone a riƙa murɗa wayar taƙi-taƙi, idan lamba ta yi tsalle ko ta ɓace, an samu wurin. Idan aka mayar da mita kan AC aka juya taya da hannu, za ta ba da 'yar wuta da ke ƙaruwa da gudu. Sabon samfuri kuwa wuta ake ba ta daga kwamfuta, auna ta da om ba ya gaya maka komai. Ita tana sauya ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta ne, kusan miliam (ma'aunin wutar da ke wucewa) 7 zuwa 14, kuma sau da yawa zoben maganaɗisun da take karantawa a jikin robar boris yake, a fuska ɗaya kawai. Idan boris ɗin irin wanda ake dannawa ne aka juya fuskar, ko aka sa marar zobe, sensa ba za ta ga komai ba. Amma da haka ne, da fitilar ta riƙa kamawa duk lokacin da motar ta motsa, ba sai a kwana ba. Shi ya sa na fi karkata ga waya, sai kuma boris da ke da wasa saboda ba a ɗaure notin shaf yadda littafin motar ya ce ba.

Gwajin da ke raba gardama: a jona babbar na'ura, a buɗe gudun tayoyi huɗu a allo, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na kallo. A tafi miƙe a kan gudun kilomita 20 zuwa 30 a awa, huɗun su zama ɗaya, bambanci kada ya wuce ɗaya ko biyu. Sai a shiga fili a juya hagu, a juya dama. A kwana tayoyin waje za su ɗan fi na ciki gudu, wannan daidai ne. Abin nema shi ne tayar da lambarta za ta faɗi sifili na ɗan lokaci ta dawo.

Idan waya ce ta tsinke a inda take lanƙwasa, a canza sensar da wayarta gaba ɗaya. Ɗinki a wurin ba ya daɗewa.

Ɗan Alaimen

Na yarda da Malam Mai Wayarin, amma kada a manta da tayarod ɗin da aka canza. An yi alaimen bayansa? Idan motar na tafiya miƙe amma sitiyari a karkace yake, sensar sitiyari na gaya wa kwamfuta kana shan kwana, sensar juyawa kuma na cewa ba ka sha. Wannan bai ba ka C0205 ba, amma zai iya fitowa bayan an gyara wancan, sai ka ɗauka gyaran ne bai yi ba. Wani lokaci ma kafin fitila, VSC ɗin kan matse birkin taya ɗaya a lanƙwasar hanya ba gaira ba dalili.

Tunda na'urar na hannu, a duba a wuri mai shimfiɗe, tayoyi a miƙe: kusurwar sitiyari ta kasance kusa da sifili, juyawar mota sifili. A juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, lambar ta riƙa hawa da sauka ba tsalle. Bayan alaimen, Toyota na so a sake saita ma'aunin sifili na sensar juyawa. Ana yin sa da na'ura, mota a ƙasa mai daidai, giya a P, sitiyari a miƙe, ba mai jingina ko rufe ƙofa har a gama. Idan aka goge tsohon saiti ba a kammala sabo ba, za ka ga C1210 ko C1336, fitilar kuma ta zauna.

Sai tayoyi. Motar hannu kan zo da taya kala-kala. 205/55R16 tsayinta kusan milimita 632 ne, 205/60R16 kuma 652. Bambancin ya ɗan haura kashi uku cikin ɗari, kwamfuta kuwa za ta ɗauke shi a matsayin taya ɗaya na zamewa koyaushe. A karanta lambar da ke gefen kowace taya, a daidaita iska da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.

Tsohon Bakanike

Duk daidai. Abin da zan ƙara shi ne lokacin da ya halatta a zargi kwamfutar ABS ɗin. Idan an canza sensa da wayarta C0205 ya dawo, a cire babban soket ɗin kwamfutar, a auna wayoyin biyu daga can har zuwa ƙafar hagu, a tabbatar ba su tsinke ba, ba su taɓa jikin mota ba, ba su taɓa juna ba. A gwada fis ɗinta, da wutar da ke shigar mata da wayar jikin mota, ta amfani da kwan fitila mai jan wuta, domin mita kan nuna 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan laifi ya koma kanta. Ko a nan ma, wadda za a sa dole lambar jikinta ta zo ɗaya da ta tsohuwar, a fitar da iskar birki da na'ura, a sake saitin sifili.

Bayan gyara a goge kod, a yi tafiyar minti goma sha biyar mai haɗe da kwana hagu da dama, a kashe a tayar sau biyu, a sake karantawa. Idan C1241 ya dawo alhali batir a cike yake, a koma kan wayar da ke kai wa kwamfutar birki wuta.